Daga Wusasa Zuwa Sharada: Littafi Mai Tsarki a Ranakun Aiki

Mai zuwa Kano daga Wusasa gara ya yi sammako, ya isa Kwangila kafin rana ta ɗaga, domin a lokacin ne motoci ke saurin cika. Kafin ya bar unguwar zai wuce majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na maginan Hausa, wanda aka yi a 1929, shekarar da mishan ɗin CMS ya taso daga cikin birnin Zazzau ya koma nan. Daga wannan mishan ne Dokta Walter Miller ya jagoranci fassarar da ta ba Hausawa cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, kuma a nan aka yi renon mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Mutumin Wusasa yana da dalilin yin alfahari da wannan tarihi, amma tarihin ya kan rufe masa ido daga wani abu. A gida ibada ba ta da wuya. Majami'a tafiyar ƙafa ce, maƙwabci mai bi ne, yaro yana tashi da Littafin Waƙoƙi a kunnensa, wanda ya yi fashin sujada kuma kafin yamma an zo gaishe shi. Ba a sanin ko Maganar Allah ta zauna a cikin mutum sai an ɗauke masa waɗannan madogarai duka, an ajiye shi a wurin da babu mai tuna masa. Irin wannan wuri yana kilomita ɗari da 'yan kai daga nan, a unguwannin masana'antu na Kano, kuma can tafiyar ta nufa.

Hanyar Zariya zuwa Kano ta yi kyau fiye da yadda aka san ta a da. Abin da ya tsananta shi ne kuɗin mota. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, bayan cire tallafi ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000, direba kuwa ba shi da inda zai sauke wannan nauyi sai a kan fasinja. Shi ya sa hira a cikin mota ba ta wuce farashi: mudun masara, kuɗin makaranta, kuɗin haya. A Tashar Yari da Kwanar Dangora masu talla kan rufe tagogi da dafaffen ƙwai, gyaɗa, rake da ruwan leda, daga Chiromawa zuwa Kura kuwa ido ba ya ganin ƙarshen gonakin shinkafa da tumatir da ke shan ruwan madatsar Tiga. Mutumin Zazzau da ya saba da noman damina zai yi sha'awar ƙasar da ke kore a tsakiyar rani. Idan lokacin salla ya yi a hanya, direba kan tsaya, fasinjoji Musulmi su sauka su yi alwala, Kirista ya zauna a mota yana jira. Wannan 'yar tsayawa ita ce farkon hujjar da tafiyar za ta yi ta maimaitawa, domin ta nuna cewa ibadar wani tana da wurin zama a cikin yini, har direban haya ya san da ita, ta wani kuwa sai in shi ya yi mata wuri.

Daga Na'ibawa mutum zai sauka ya nemi Adaidaita Sahu, tunda an hana acaɓa a Kano tun 2013, ya bi ta Dangi da titin Gidan Zoo ya shiga Sharada. Unguwar kashi uku ce, kuma abin da ke fara tarbar baƙo shi ne dogayen katangu, manyan ƙofofin ƙarfe, ƙarar janareto da warin narkakkiyar roba. Ana yin bokitai da kujerun roba, tabarmi, takalma, sabulu, alewa, man girki, ana kuma jimar fata. Tsakanin masana'antun da ke aiki akwai waɗanda suka mutu, ciyawa ta cinye harabarsu, musamman masaƙu, waɗanda rashin wutar lantarki da tsadar kayan aiki tun zamanin tsuke bakin aljihu na 1986 da kwararowar yadin China suka durƙusar. Waɗanda suka rage ma suna numfashi da ƙyar, balle da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni a Afrilun 2024. A bakin ƙofofin nan ake ganin mutanen da wannan rubutu ya damu da su. Akwai Kanawa, akwai 'yan Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai, akwai Ibo da Yarbawa, akwai kuma Hausawa Kirista daga ƙauyukan Sumaila, Tudun Wada da Rogo, waɗanda sau da yawa ba a gane su sai an ji sunan yanka. Da hantsi duk sukan haɗu a rumfar mai abinci ɗaya, a ci garau-garau ko ɗanwake ko gurasa bandashe, da asuba kuwa wurin mai shayi ne majalisarsu. Abincin bakin kamfani ya fi na cikin gari araha, kuma karamcin Kano yana nan a kan benci: ba wanda zai buɗe kwano bai ce wa na kusa da shi bismilla ba, ba kuma a tambayar addinin mutum kafin a matsa masa ya zauna. Baƙo zai ji ana kiransa Malam, mai abinci kuma kowa Mama ko Hajiya yake ce mata.

Mafi yawan majami'un Kano suna Sabon Gari da kewayenta, a wancan gefen birni, Sharada kuma tana kudu maso yamma. Lebura da ke son zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako sai ya hau Adaidaita sau biyu zuwa, sau biyu dawowa, bayan ya yi yini a tsaye gaban inji. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000, amma leburorin wucin gadi da ake biya kullum ko mako-mako da yawansu ba sa ganin wannan adadi. Ga kuma masu aikin dare, waɗanda safiyar Lahadi kan same su suna fitowa daga kamfani ido ya yi ja. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya zai ga cewa tsarin da muka gada daga garuruwa irin su Wusasa da Kagoro da Gindiri, inda ake tara jama'a a majami'a sau uku ko huɗu a mako, ba zai iya ɗaukar ma'aikacin Sharada ba. In dai nazarin Maganar Allah abu ne da sai an je wani gini a wani lokaci ake yin sa, to an riga an cire wannan mutum daga ciki. Abin da nake jayayya a kai ke nan: dole karatun ya koma hannun mai bi da iyalinsa, ya zama na kowace rana, gajere, a lokacin da aka tsayar. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a ta ɗora koyar da umarnan Allah a kan iyaye, a cikin gida da kan hanya, safe da dare. Mutanen Biriya da aka yaba wa a Ayyukan Manzanni sura ta 17, saboda binciken kowace rana aka yaba musu. Manzo Bulus kansa ma'aikacin hannu ne, ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin tanti, kuma sana'ar ba ta raba shi da Maganar ba.

Amsar da aka fi ji ita ce, "Ɗan'uwa, ba lokaci, mun gaji." Maganar gaskiya ce, kuma wanda bai taɓa tsayuwa awa goma sha biyu kusa da injin narka roba ba bai kamata ya raina ta ba. Sai dai abokin aikin da ke tsaye a gefen wannan inji ɗin, gajiyarsu ɗaya, albashinsu ɗaya, amma ya tashi sallar asuba, ya yi azahar da la'asar a masallacin kamfani ko a kan tabarma a inuwar katanga, wani ma bayan isha'i yana makarantar dare yana ƙarin karatu. Ban kawo wannan don a yi gasa ba. Na kawo shi ne domin ya rushe zancen cewa aikin masana'anta da ibadar kullum ba sa haɗuwa, tunda ga su nan sun haɗu a gaban idonmu. Bambancin shi ne al'ummar Musulmi ta gina wa ibada lokaci, ta koya wa yaro tun yana ƙarami, Kirista kuwa an bar wa kowa ya zaɓi lokacinsa, kuma abin da aka bar wa zaɓi shi ne gajiya ke fara cinyewa. In aka zo lissafi, nauyin bai kai yadda ake tsoro ba. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da surori 1,189, wanda ya karanta uku zuwa huɗu a rana zai sauke shi a shekara. Wanda hakan ya yi wa yawa, Sabon Alkawari surori 260 ne, sura ɗaya a kowace ranar aiki ta ishe shi ya gama cikin shekara guda. Bisharar Markus surori 16 ce, Karin Magana 31, daidai da kwanakin wata. Yawancin surori ba sa cin minti biyar. Lokacin da ake ɓatawa ana jiran a buɗe ƙofar kamfani, ko ana jiran wuta ta dawo, ya ninka haka sau da yawa.

Daga Sharada hanya ta miƙa kudu zuwa Challawa, ta wajen Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso. Tun kafin a ga katangu hanci ke sanar da mutum cewa ya iso yankin majemu. Kano ta daɗe da suna a kan fata, tun zamanin da fatake ke ƙetara Sahara da jajayen fatun awaki har Turawa suka riƙa danganta su da Maroko, kuma har yau fatar da aka jeme a nan tana fita ƙasashen waje. Majemi ya san fata ba ta jemuwa da tsomawa ɗaya, sai ta kwana a ruwan magani, an juya ta, an sake juyawa, kafin ta yi laushin da za a yi aiki da ita. Zuciyar mutum ma haka take da Maganar Allah, wa'azin awa ɗaya a mako ba ya ratsa ta. Amma Challawa ta fi koyar da ɗaya rabin batun, wato biyayya. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun nan da na Sharada, mai launi da wari da sinadaran jima, yana gangarawa kogin Challawa, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi ya shiga Jakara, kuma da wannan ruwa wasu manoma ke ban-ruwan latas da alayyafo da ake kai wa kasuwa. Kowane bututu da aka buɗe da dare akwai hannun da ya buɗe shi, akwai wanda ya ba da umarni, akwai wanda ya sa hannu a takarda cewa an tace. A cikin waɗannan hannuwa akwai na masu zuwa sujada. Haka yake a sito, inda ake rubuta buhu ɗari alhali casa'in ne suka shigo, da kan sikeli, da wurin helima da ke yanke wani abu daga kuɗin lebura kafin ya sa sunansa a jerin masu aikin gobe. Littafin Firistoci sura ta 19 ta yi magana a kan ma'auni na gaskiya, wasiƙar Yakubu kuma ta ɗauki mai ji ba ya aikatawa a matsayin mai ruɗin kansa. Wanda ya karanta waɗannan da safe, ya zo da rana aka miƙa masa biro ya sa hannu a kan ƙarya, a nan ne karatunsa ke tsayawa ko ya faɗi. Kuma hasarar da ke cikin ƙin sa hannu ta gaske ce, tana iya kai wa ga rasa aiki a garin da masu jiran aikin suka yi layi a ƙofa. Ba zan ɓoye wannan ba, kuma ikilisiyar da ke wa'azin biyayya wajibi ne ta shirya tallafa wa wanda biyayya ta raba shi da abincinsa.

Akwai masu ilimi da ke kallon duk wannan da shakka. Suna cewa koya wa lebura biyayya hidima ce ga mai kamfani, domin za a samu ma'aikaci mai sunkuyar da kai, wanda ba ya tambayar haƙƙinsa, an ce masa ladansa na sama. Zargin yana da tushe, an taɓa amfani da wasu ayoyi haka, a nan da wasu ƙasashe, kuma har yanzu akwai masu yi. Amma wa ake iya ruɗa da aya ɗaya da aka yanko? Wanda bai karanta sauran ba. Lebura da ke karatu da kansa kullum zai iso Maimaitawar Shari'a sura ta 24, inda aka umarta a biya ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki. Zai iso annabi Amos da kakkausar muryarsa a kan masu tattake matalauta. Zai iso sura ta 5 ta Yakubu, wadda ta kai ƙarar masu danne ladan ma'aikata gaban Ubangiji. Littafin da ya hana shi satar kayan kamfani shi ne ya hana mai kamfani cin guminsa, kuma biyayyar da ake nema ga Allah take, wanda ya fi helima da manaja. Irin wannan ma'aikaci ya fi wuyar saye, ya kuma fi ƙarfin tsayawa a ƙungiyar ƙwadago, domin babu abin da za a tona masa.

Komawa arewa zuwa Bompai sai an ratsa gari da cunkosonsa. Bompai ita ce babbar yaya a unguwannin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa, titunanta masu faɗi da tsofaffin itatuwa, kuma a nan baƙo Kirista ya fi samun masauki mai sauƙi. A titin Mishan akwai gidan baƙi na ECWA, ɗaki mai tsabta ba ƙawa, kuɗinsa ƙasa da na manyan otal, kusa da asibitin ido da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1943. Layin marasa lafiya a asibitin nan, mafi yawansu Musulmi, wasu daga Jamhuriyar Nijar, shaida ce ta abin da biyayyar kowace rana ke haifarwa in aka daɗe ana yi: shekara tamanin ana duba ido ɗaya bayan ɗaya, a garin da Sarki Alu ya sallami tawagar mishan ta Bishop Tugwell da Miller a 1900. Da yamma mutum zai taka zuwa Sabon Gari, unguwar da ta tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya ci sakwara da miyar agushi, ko ya tsaya wurin mai tsire. Haya a nan ta fi ta Zariya tsada nesa ba kusa ba, iyali guda a ɗaki ɗaya, amma in aka ji baƙo daga gida ya zo sai an dafa masa, ko da da bashi aka sayo shinkafar. Mutanen nan sun ga tashin hankali: rikicin Oktoban 1991, hare-haren 20 ga Janairu 2012 da suka shafi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, harin da aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, da bam ɗin tashar New Road a Maris 2013. A irin waɗannan kwanaki akan sa dokar hana fita, ƙofar majami'a ta kasance a rufe, kuma abin da ke cikin gida da cikin kai shi kaɗai ke rage wa mutum. Umarnin ƙaunar maƙiyi da barin ramuwa ba a koyonsa a ranar da gari ya kama da wuta, sai dai a tarar da shi in an riga an ajiye.

Ranar Lahadi Sabon Gari kan cika maƙil, daga Holy Trinity ta Anglikan zuwa Our Lady of Fatima ta Katolika zuwa majami'un ECWA da HEKAN da Baptis da na Fentikos, ga 'yan Zumuntar Mata cikin anko da tulunansu na kiɗa. A wajen shugabanni ne ake jin ƙorafi na ƙarshe, kuma ya fi sauran nauyi. Sukan ce in aka bar kowa ya karanta shi kaɗai, kowa zai zama malamin kansa, a samu fassarori barkatai, ga kuma waɗanda ba su iya karatu ba. Na yarda karatun kaɗaici yana da haɗari, amma dubi inda ɓata ta fi yawa a yau. Masu sayar da mai da ruwa da alkawarin arziki cikin kwana bakwai ba a cikin masu karatun kullum suke samun kasuwa ba, suna samunta a wurin wanda bai san abin da ke cikin Littafin da yake riƙe da shi ba. Karatun kullum ba ya kore fasto, yana kawo masa jama'ar da ke zuwa da tambaya. Kayan taimako kuma suna nan: ECWA na buga Abincin Yini da Hausa, Scripture Union na da nata jagoran karatu, Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin waya, a rubuce da kuma a murya, har wanda bai yi boko ba zai sa a kunne yana tafiya aiki. Ma'aikata uku ko huɗu da ke haya a layi ɗaya a Ja'en ko Panshekara za su iya bin sura ɗaya, su haɗu sau ɗaya a mako na minti ashirin ba tare da lasifika ko damun maƙwabci ba, abin da ya shige musu duhu su kai wa dattijo ranar Lahadi.

Motocin komawa Zariya suna lodi a Unguwa Uku da Na'ibawa har dare. Kafin mai karatu ya ajiye wannan, ina da roƙo ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya na Kano. Baba, ku rubuta sunayen membobinku da ke aiki a Sharada da Challawa da Bompai, ku san wanda ke aikin dare da wanda ake biya kullum. Ku ba kowannensu jadawalin karatu na wata ɗaya da zai shiga aljihun riga, ku haɗa masu zama kusa da juna, ku tanadi asusu saboda wanda aka kora don ya ƙi sa hannu a kan ƙarya. In kun haɗu da shi, ku tambaye shi abin da ya karanta ranar Talata da abin da ya yi da shi a wurin aiki, kafin ku tambaye shi dalilin da ba a gan shi a taron Laraba ba.